Takardar da Ta Ƙi Yin Shuɗi

Maruƙa biyu ne suka fara mutuwa. Da hantsi aka same su kwance a gefen kwamin da ake zuba musu abin sha a rugar Bappa, kumfa a baki, ƙafafu a miƙe. Ba a gama salati a kansu ba sai kuka ya tashi daga bukkar A'isha, matar Jaye ɗan Bappa. Ita tana amai tana rawar jiki, 'yarta Farida kuma, wadda ko lakol, makarantar boko, ba ta isa shiga ba, idanunta sun kafe, yawu yana dalala. Aka ɗora su a amalanke aka nufi likitar Gidan Sori, ɗan asibitin yankin. Uwar ta isa da rai. Yarinyar a hanya ta cika, a kan cinyar ubanta.

Tsakanin Garin Maigawo da rugar Bappa gonaki ne kawai da rijiya guda, wadda manoma da makiyaya suke sha tun zamanin kakanni. Sai dai mutuwa irin wannan ba ta barin zumunci ya zauna lafiya. Kafin a dawo daga maƙabarta maganar guba ta zagaye gari, kowa kuma ya zama mai gani har hanji. Mai gari ya aika a kira Haladu.

Haladu mai bin sawu ne. Mutum ne dogo, ya ba hamsin baya, wuyansa ya ɗan lanƙwashe saboda yawan kallon ƙasa, har mata suna tsokanarsa wai ya fi sanin dugadugan mutane a kan fuskokinsu. Ba ƙarya suka yi ba. Ya sha mayar wa mutane da shanun sata daga wajen iyaka, bai taɓa nuna wani da yatsa aka same shi da kuskure ba, kuma ya san haka, wanda shi ne ɗan aibinsa.

An yi yayyafi da asubahin ranar, saboda haka ƙasa ta yi masa kirki. Ya zagaya rugar hannu a goye a baya. Ga kofaton shanu da suka fita kiwo. Ga sawun Jaye, ga na A'isha, ga 'yan ƙananan na Farida, waɗanda ya ɗauke kai daga gare su da sauri. Ga na Gwaggo da ɗigon sandarta, ƙanwar uban Haladu da ta raine shi, wadda ba ta kwana biyu ba ta leƙo rugar nan ba. Ga tayar babur ta shigo ta fita. Sai kuma wani takalmin taya mai faci a dunduniyar hagu, wanda ya taso daga wajen gonaki, ya bi ta bakin rijiya, ya zo ya tsaya nesa kaɗan da kwami.

"Wane baƙo ya zo nan yau?" Haladu ya tambayi Bappa.

Tsohon yana zaune a ƙasa, sandarsa a gicciye bisa gwiwa. Ya ce, "Baƙo babu. Ɗantala mai magani ya biyo da babur, ya wuce kasuwa. Shi ke nan."

Jaye yana tsaye a bayan ubansa, idanu jawur. "Malam Haladu, ka ga wani abu. Faɗi."

Da Haladu ya haɗiye maganar har ya gama aikinsa, da ya fi. Amma idanun mutane suna kansa, sai ya nuna takalmin da sandarsa ya ce, "Wanga sawun Hashimu na."

Babu wanda bai san cewa shanun Jaye sun shiga gonar Hashimu farkon tsiro ba, sun aske masa gero kamar da aska. Babu kuma wanda bai ji Hashimu a bakin masallaci ba yana rantsuwa sai ruga ta yi kuka irin wanda ya yi. Kafin la'asar an tsare shi a zauren mai gari, rabi don hukunci, rabi don kada samarin ruga su riga hukuma. Bappa ya roƙi ɗansa ya mayar da wuƙa kube har ranar sadakar uku. Ranar za a kira jandarma, su tafi da mai laifi.

*

Hashimu yana zaune a kan buzu a lungun zaure, ga kwanon tuwo da matarsa ta aiko bai taɓa ba. Mutum ne mai faɗa da baki, irin waɗanda suke fara rantsuwa kafin su fara tunani. Yau duk kumfar bakin ta kwanta.

"Kai kas sa anka kulle ni, Haladu."

"Ƙafarka ta sa. Mi ya kai ka ruga da sassafe?"

"Na tahi in ba Bappa haƙuri." Ya sunkuyar da kai. "Liman ya yi mini faɗa kan rantsuwar da na yi. Na iso kusa da kwami, na hangi tsohon can nesa wajen shanu, sai kunya ta kama ni. Na tsaya ina shawara da zuciyata, na juya."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Kana da maganin ƙwari gidanka?"

"Wa ba shi da shi cikin damina? Haladu, ɗiyata ta ƙarshe sa'ar Farida ta. Tare su ka wasa bakin rijiya. Ka dube ni da kyau, ba ƙafata ba."

Haladu ya dube shi, sai ya ga bai iya karanta fuska ba. Abin da ya iya shi ne ƙasa, ƙasa kuwa ta ce takalmin ya tsaya wuri guda ya ɗan tattaka, kamar mai jiran wani, sannan ya koma ta inda ya fito. Bai kai ga kwamin ba. Mai dogon hannu zai iya watsa gari daga nan, haka ya gaya wa kansa a rugar. Yanzu da ya sake auna tazarar a zuciyarsa, sai ya ji hannun ya cika tsawo.

Ya fito daga zauren. In an tafi da Hashimu Maradi a kan ran yarinya, da wuya 'ya'yansa su sake ganinsa kafin su yi gemu, kuma bakin Haladu ne ya kai shi.

*

Washegari wata budurwa ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar mai gari, da jaka a kafaɗa. Sunanta Sadiya, 'yar Tibiri ce, tana karatu mai zurfi a jami'a. Tun shigar damina take yawo ƙauyukan Gidan Sori da Cadakori tana gwada ruwan rijiyoyi da abincin kasuwa da wasu 'yan takardu da malamanta suke ƙoƙarin ƙirƙirowa. Majo, babban ma'aikacin likitar, shi ne ya turo ta, don ya ga alamun maganin ƙwari a jikin A'isha.

Haladu ya raka ta ruga. A bakin rijiya ta ciro takarda guda, ba ta fi ɗan yatsa ba, ta ɗiga mata ruwa, ta ninke ta, ta matse a tafin hannu don ta ji ɗumi.

"Baba, ga yadda take," in ji ta. "In ruwan lafiya lau ne, za ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a baban rini. In da irin dafin da ake kashe ƙwari da shi, sai ta ƙi, ta zauna fara. Salulata kuma za ta ɗauki hoto ta auna mini ƙarfin launin."

"Tana hwaɗin wanda ya zuba?"

"A'a. Ko sunan maganin ba ta faɗi, danginsa kawai. Kuma har yanzu gwada ta muke, takan yi kuskure, shi ya sa nake maimaitawa. Wanda ya zuba, wannan aikinka ne."

Ta buɗe takardar. Ta yi shuɗi shar. Ta gwada ruwan guga, ta gwada na randar Bappa, ta gwada nonon da aka tatsa da safe. Duk shuɗi. Mutanen gari da suka kwana suna sayen ruwan bido, wato jarka, daga wani ƙauye don tsoron rijiya suka sauke ajiyar zuciya, wasu har da cewa dama su ba su yarda ba.

Sannan ta kankaro busasshen abin da ya rage a gindin kwami, ta jiƙa, ta ɗiga. Takardar ta fito fara fat. Ta sake, ta kuma fitowa fara.

"Yaro ba ya sha a kwami," in ji Haladu a hankali. "Jaye, mi Farida ta ci da safen nan?"

"Fura da nono. Kullum shi ne."

Ba wanda ya shiga bukkar A'isha tun da aka fitar da su. Ƙoƙon yarinyar yana nan a kife rabi, da ɗan ludayinta a ciki, fura ta bushe a jikinsa. Jaye ya gan shi ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi. Sadiya ta kankaro furar ta gwada. Fara.

Suka zazzage buhun hatsin A'isha. Abin da ya rage bai cika tafi biyu ba, don lokacin ne da rumbu yake fayau, sabo bai nuna ba. Shi kuwa ya ba da shuɗi.

"Ke nan wani ya shigo har ɗaki ya barbaɗa," in ji Jaye.

Haladu ya sake duba ƙofar ɗakin. Takalmi mai faci ko kusa da bukkar bai zo ba, wannan ya tabbata. Sawun da suka shiga ɗakin duk na gida ne. Wadda za ta warware zancen ita ce A'isha, ita kuma majo ya hana a tambaye ta komai, don har lokacin ba a gaya mata 'yarta ta rasu ba.

*

Saura babur. Suka sami Ɗantala a kasuwar Cadakori, ya baza hajarsa a kan leda: maganin kaska, na tsutsar ciki, na ɓera, da wasu ƙulle-ƙulle marasa suna. Da ya ga Haladu sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Maganin kaska na kai wa Jaye, kwalba guda, shi ya ce in kawo. Ko daga kan babur ban sauka ba."

Wannan gaskiya ne, ƙasa ta riga ta shaida. Amma da maganar ta koma ruga, Jaye ya zauna daɓas, fuskarsa ta yi toka, yana tunanin ko da kuɗinsa ya sayo ajalin 'yarsa. Haladu da kansa ya ciro kwalbar daga jinkar bukka ya nuna masa. Hatiminta ko motsi bai yi ba.

Kafin su bar kasuwa Sadiya ta ɗaga wani ƙulli na jan gari daga kan ledar. "Wannan fa?"

"Maganin iri na. A cuɗa da gero kafin shuka, tsuntsu da gara su bar shi."

"Ina takardarsa? Ina sunansa?"

Ɗantala ya sosa ƙeya. "Haka a ka kawo muna shi cikin buhu, mu ƙulla."

Ta taɓa ɗan ƙanƙane da tsinke, ta narka a ruwa mai yawa, ta gwada. Fara fat, irin farin kwami da na ƙoƙo.

"Wa ka sayar wa a Garin Maigawo?" in ji Haladu.

"Ka ce wa ban sayar wa ba. Hashimu ya saya, liman ya saya, mai gari ya saya. Har Gwaggonka ta sayi ƙulli guda."

Sunan Hashimu kaɗai kunnuwan mutane suka ɗauka. Labari ya riga su isa gida, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba, har an ce an ga jan gari a aljihunsa.

*

Da yamma Haladu ya biya gidan Gwaggo, kamar yadda yake yi duk lokacin da kansa ya ɗaure. Ita ta ɗauke shi yana jariri da uwarsa ta rasu. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin garin ita ta yanke musu cibiya, har da Farida. Amincinta da ruga tsoho ne. Ƙawar marigayiya matar Bappa ce, da ƙawar ta rasu sai ta riƙe surukarta A'isha kamar 'yar cikinta.

Ya same ta a gindin turmi, tana daka a zaune don ƙafa ta ƙi. Ta rame ƙwarai. A gefenta ga kwanon tafasa da ɗan ƙuli, shi ne abincinta na wunin.

"Gwaggo, ina hatsin da na aiko?"

"Gidan Kawu maƙwabcina sun kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Ni tsohuwa mi ni ka ci?" Ta share ido da bakin zane. "Haladu, yarinyar nan in ta hango ni sai ta sheƙo ta riƙe mini sanda, wai ita za ta ja ni. Wane marar tsoron Allah na wanga?"

"Ina nema, Gwaggo."

"Ka nema da kyau. Kuma kak ka ɗora wa Hashimu abin da bai yi ba. Bakinai ya fi zuciyatai zafi."

"Wannan dakan fa?"

"Fura ta, ta sadaka. Gobe a ka sallamo A'isha. In ba ta sha daga hannuna ba, ba ta shan komi."

Ya zauna yana jin ƙarar taɓarya. Gidan ya yi masa wani irin tsit da bai gane ba, sai da ya kai ƙofa ya tuna. "Ina kajinki?"

"Ciwo ya kwashe su rana guda. Shekarar ta zo da haka."

Ya yi mata jaje ya fita. Mutumin da yake gane raƙumin sata daga yadda ya karya reshe, ranar nan bai gane komai ba.

*

Da safen sadakar uku motar jandarma ta shigo gari. Haladu bai bi jama'a ta babbar hanya ba. Ya ce wa kansa tunda wani ya shiga bukkar, kuma duk wanda ya shiga na gida ne, to bari ya bi na gidan ɗaya bayan ɗaya kamar bai san su ba. Ya koma bayan ruga, inda wata 'yar siririyar hanya take ratsa gonaki. Ba mai bin ta sai mutum guda, kuma ba a sake ruwa ba tun ranar.

Ga sawun nan da ɗigon sanda. Na zuwa ruga ya nutse sosai, taku gajere, irin na mai kaya a ka da wani a hannu. A wuri biyu ga zoben gindin bokiti inda aka ajiye aka huta. Na komawa kuwa sama-sama yake, an sauke kaya. Tun yana rarrafe yake ganin sawun nan a gabansa, shi ya sa idonsa ya tsallake shi kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa.

Ya bi shi baya-baya har bayan dangar Gwaggo. A gindin bedi ƙasa ta yi wani dafe mai ja-ja, inda aka sheƙa ruwa. Tururuwa sun mutu a kai sun yi baƙi, a gefe ga kurciya guda ta bushe, fukafukai a buɗe.

Ya dafa bishiyar ya kira sunanta, ba amsa. Sai a lokacin ya lura da abin da ya taka ya wuce: a kan tsohon sawun akwai sabo, na safen nan, ya nufi ruga, shi ma ya nutse.

Rabon Haladu da gudu tun yana saurayi. Ya yi shi ranar, ta cikin gero, takalmi a hannu.

*

An taru a inuwar gawo. An gama addu'a an shafa. Ga mai gari da liman, ga Bappa da Jaye, ga jandarma biyu a tsaye kusa da Hashimu, wanda aka zaunar a tsakiya kamar ragon da aka gama ciniki. Ɗantala ma an kawo shi, yana ta zufa. Sadiya tana gefe da jakarta.

Haladu ya ratsa su duka bai yi sallama ba. Ya wuce wajen mata. A'isha tana jingine da bukka, ta zama kamar inuwar kanta, an riga an gaya mata. Gwaggo tana gabanta da ƙwarya, ta dama fura, ta ciko ludayi tana lallashi.

"Sha kaɗan, ɗiyata. Don ni."

Haladu ya riƙe wuyan hannun tsohuwar. Bai taɓa riƙe ta haka ba a rayuwarsa.

"Kai, lafiya?"

"Sadiya," ya kira. "Zo da takardarki."

Maza suka taso suka kewaye. Sadiya ta ɗiga, ta ninke, ta matse a tafinta. Haladu yana roƙon Allah a zuci ya sa wannan ne kuskuren da ta ce takardar takan yi. Ta buɗe. Ta sake da wata, ba wanda ya ce ta sake. Duka biyun farare fat.

"Gwaggo," ya durƙusa a gabanta, "geron nan daga ina?"

Ta dube shi da mamaki. "Ragowar irina na. Ƙafata ta hana ni gama shuka, ya rage tiya guda da 'yan kai. Gero mai kyau, manyan ƙwaya. Na ga yarinyar nan da uwarta ba su da hatsi, in bar shi gara ta ci?"

"Da jan magani a jikinsa?"

"Na wanke shi mana. Ni yarinya ta? Ruwan farko na kai bayan danga na zubar. Na yi ta wankewa ina sakewa har ruwa ya fito garau, ko ɗigon ja babu. Na shanya, na surfa. Haka iyayenmu ka yi in yunwa ta matsa." Ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, muryarta ta fara raguwa. "Dusar da tsarin, ruwan wankin surfe, na kawo wa maruƙa, kamar kullum. Ba a zubar da tsari. Sauran dusa na watsa wa kajina…"

Ta tsaya a nan.

Sadiya ta durƙusa ita ma, hawaye a idonta. "Inna, jan launi ne kawai, an sa shi don a gane. Shi ruwa yake ɗauka. Dafin ba shi da launi, kuma wannan na yanzu ya fi na da ƙarfi nesa. Yana shiga jikin ƙwayar."

"Amma ke ba ki sha ba?" mai gari ya tambaya.

"Ɗan kaɗan na," in ji Gwaggo, kamar mai ba da haƙuri. "Na raba shi biyu don ya kai su kwana biyu. In na sha, mi za ya rage musu?"

A'isha ce ta yi magana bayan wannan, idonta a ƙasa. "Ni ma ludayi biyu na sha. Farida tana son furar Gwaggo. Na juye mata rabona."

Babu wanda ya yi salati da ƙarfi, babu wanda ya yi kururuwa. Liman ya rufe fuska da rawani. Hashimu, wanda gaskiyarsa ta fito yanzun nan, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar shi aka kama.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan a hankali, ba gaggawa, ta ciko ludayin ta nufi bakinta da shi. Haladu yana kusa, amma ba shi ya riga kai hannu ba. A'isha ce, wadda ko zama ba ta iya yi sai da jingina, ta kama hannun tsohuwar da hannayenta biyu, furar ta zube a ƙasa.

"A'a, Gwaggo," ta ce. "Guda ta ishe ni."

Babban jandarman ya gyara tsayuwa, ya tambayi Bappa ko suna da ƙara. Tsohon ya dubi ɗansa. Jaye ya juya ya nufi wajen shanu, bai waiwayo ba.

"Munyal," in ji Bappa da harshensu, sannan ya maimaita da Hausa. "Haƙuri. Wa za mu kai ƙara? Hannun da ya ba mu abinci?"

Jandarma suka kwashe ƙulle-ƙullen Ɗantala, suka sa shi a mota ya je ya faɗi inda yake samo buhun. Mai gari ya sa a yi shela kowa ya fito da ragowar irinsa, Sadiya ta zauna a gindin gawo tana gwadawa har takardunta suka ƙare. Gida huɗu aka samu da suka riga suka wanke nasu suna jiran ranar daka.

Haladu ya je gaban Hashimu ya tsaya. "Na yi maka laifi. Na yi magana ban gama dubawa ba."

Hashimu ya share fuska. "Tahi ka kai tsohuwa gida," kawai ya ce.

Sai da Haladu ya haƙa rami mai zurfi, ya binne furar da ƙwaryar da ludayin, sannan suka kama 'yar hanyar gonaki. Gwaggo ta ƙi ya riƙe ta. Tana gaba da sandarta, yana biye, kamar lokacin da yake yaro. Ya yi ƙoƙari ya kalli gero, ya kalli sama, amma wuyan da ya saba ba ya jin magana, idonsa ya koma ƙasa.

Ga sawunta na ranar farko a gefen hanya, mai komawa gida sama-sama bayan ta sauke kaya. Ga kuma na yanzu yana sauka kusa da shi. Babu ƙwarya a kanta, babu bokiti a hannunta, amma kowane taku ya nutse fiye da na zuwa.